Har Sai Ya Yi Ja

Ɓera na arba'in ya ƙi zama a kan ma'auni. Ta kamo shi ta wutsiya ta mayar, ta rubuta nauyinsa, sannan ta cire safar hannu ta zauna gaban kwamfuta, duk da ta riga ta san abin da za ta gani. Layi biyu ne a allon. Ɗaya na ɓerayen da aka ɗura wa ganyen Kaka, ɗaya na waɗanda aka ba ruwa zalla, kuma tafiya suke kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan biyu. Karo na uku ke nan.

A gida Uwar Ɓeraye ake kiranta, tun ranar da ta bar wurin biki da wuri don ta je ta ba su abinci. Shekara uku ta yi tana neman digirin digirgir a fannin haɗa magunguna, kuma aikin gaba ɗaya a kan abu guda ya tsaya: jiƙon da kakarta ke ba yara masu gudawa. Ta sha shi, yayanta ya sha, rabin unguwa sun sha sun miƙe. Ta busar da ganyen, ta niƙa, ta tace, ta fitar da duk abin da ke cikinsa. Ganyen bai tsinana komai ba.

Farfesan da ke duba aikin ya daɗe yana kallon takardun ta saman tabarau. Mutum ne mai kirki, irin kirkin wanda ya gaji.

"Jibi ne ranar miƙa kundi, kin sani," ya ce. "Kundin da ya ce ba a samu komai ba shi ma kundi ne. Sai dai ban san yadda kwamiti zai kalle shi ba. Suna iya cewa ki koma ki nemi wani ganyen."

"Wata shekara uku ke nan, ranka ya daɗe."

Ya ɗora alƙalami a kan lambobi huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan huɗun su suka janyo layinki ƙasa. Da a ce tun farko ba su da ƙoshin lafiya, ai cire su ake yi. Ke kika yi renonsu, ke kika sani. Ni ban ce komai ba."

Lafiyarsu ƙalau, ta sani. Na goma sha bakwai ma har cizonta ya yi.

Ta sami yayanta a ƙarƙashin matakalar sashen falsafa, inda ya mayar ofis saboda nan ne kawai iska ke ratsawa. Shi ma karatun digiri na sama yake yi. Me-ya-sa ake ce masa tun yana ƙarami, kuma ya girma bai daina ba, sai ma ya samu jami'ar da ta ba shi takardar izini. Ta zauna a kan tulin littattafansa ta zayyana masa komai.

"Wace tambayar ce ke damunki?" ya ce. "Ko ki cire ɓeraye huɗu, ko ki gaya wa Kaka?"

"Yaya, don Allah ban zo aji ba."

"To ai su biyu ne, kin cure su wuri guda."

Ya taɓo wurin. Digirin yana mata ciwo, amma abin da ya hana ta sukuni shi ne tsohuwar da ta shekara hamsin mata suna layi a ƙofarta. Sunan Kaka ne a shafin farko na kundin. Idan ta rubuta gaskiya, ta rubuta da hannunta cewa kakarta ruwan banza take ba mutane.

"Mun sha mun warke," ta ce. "Ko mafarki muka yi?"

"Na sha, na warke. Wannan na sani. Abin da ya warkar da ni, wannan ban sani ba." Ya ɓare ayaba ya miƙa mata rabi. "Kin taɓa tsayawa kin ga tana haɗawa?"

"Ni da nake sha tun ina goye?"

"Ban ce kin sha ba. Na ce kin gani?"

Ta harare shi. Shekara uku tana cewa karatunsa zaman kashe wando ne, mutum ya wuni yana tambayar ko kujerar da yake zaune a kai tana nan. Ta karɓi ayabar ta tashi.

Motar hayar da ta shiga zuwa gidan Kaka ta cika maƙil, aka matse ta tsakanin wata mai kwandon kaji da wani mai barci. Jakar kwamfutar na kan cinyarta. Ta lissafa a ranta: share layi huɗu bai kai minti ɗaya ba. Ba wanda zai je ya tambayi ɓera. Kaka za ta ga hotonta a bangon sashe, ita kuma a kira ta Dakta. Kafin motar ta kai tasha ta cire su ta mayar ya fi sau goma.

Kaka na zaune a tsakar gida tana tsince ganye a faranti. Idonta ya yi rauni, hannunta na rawa, amma bakin yana nan da kaifinsa.

"Kishiyata ce da rana tsaka? Ko ɓerayen sun sake ki?"

"Sun kusa, Kaka."

Ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo kujera 'yar tsugune. Duk jawabin da ta shirya a mota ya gudu. Sai ta ji bakinta ya ari tambayar yayanta.

"So nake in ga yadda kike haɗawa. Daga farko."

"Yau kuma? To ɗora tukunya."

Kaka ta sa ta cika babbar kwalba da ruwa ta juye, ta ƙara kaɗan don abin da wuta za ta cinye. Tsohuwar ta watsa ganye ba tare da ta duba yawansa ba. Uwar Ɓeraye ta ce guda nawa ake sawa, tsohuwar ta ce ko nawa hannu ya ɗebo. Ruwan ya tafasa, Uwar Ɓeraye ta kai hannu za ta sauke.

"Bar shi. Sai ya yi ja."

Suka jira. Ya ɗauki lokaci kafin ruwan ya juya. Da ya huce aka tace shi a kwalbar, sai Kaka ta gyara zama, ta ciro wani ƙaramin cokali daga ƙullin zaninta ta miƙa mata, wasan da ke fuskarta ya ɗauke.

"Nan ne ba a ganganci. Gishiri rabin wannan, ki share kansa da yatsa. Sukari shida. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Cokalin ya tsaya a hannun Uwar Ɓeraye. Rabin cokali na gishiri, shida na sukari, a ruwan da aka tafasa. Ita da kanta take koya wa 'yan aji ɗaya wannan haɗin, wanda ke mayar wa yaro ruwan jikinsa. A kundinta mai shafi ɗari biyu, layi ɗaya ta ba shi: akan sa sukari da gishiri don gyara ɗanɗano.

"Kaka," ta ce a hankali, "ganyen fa? Na gwada shi sau uku. Ba ya komai."

"To da me zai yi? Awaki ma don ba su sami wani ba suke ci."

"Kin sani?"

"Tsaya. Kina nufin shekara uku kina ɗura wa bayin Allah nan ganye ba gishiri?" Kaka ta yi dariya har ta share ido. "Allah sarki ɓeraye."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Kin zo da littafi da na'urar ɗaukar hoto kin ce in nuna miki bishiyar. Na nuna miki. Na ɗauka ku masu boko kun san sauran."

Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban kwamiti. Kaka ta bar dariya, ta karɓi cokalin tana juya shi.

"Ɗana na fari gudawa ce ta ɗauke shi, yayan uwarki. Kwana biyu. Na biyun da ya kamu na kai shi asibiti a guje, wata ma'aikaciyar jinya ta koya min wannan, ta ba ni cokalin nan. Ya tashi. Na dawo ina gaya wa mata, sai su ce ɗansu na mutuwa zan ba su ruwan gishiri? Wadda ta yarda kuma ba za ta tafasa ruwan ba, wai asarar itace ne. Na binne 'ya'yan maƙwabta uku ina ji ina gani. Sai na tsinko wannan a bayan gida. Ba ya cutarwa, kuma taurin kai gare shi, ba ya sakin launi sai ya sha wuta. Na ce musu maganin ba ya fita sai ruwan ya yi ja. Tun daga ranar ba wadda ta sauke tukunya da wuri."

Uwar Ɓeraye ta dubi kwalbar da ke tsakaninsu, ja kamar shayi. Ta ji tana son yin kuka, kuma ba don digiri ba.

"Idan na rubuta wannan, asirinki ya tonu."

"Rubuta mana. Wa ke karanta littafin naku? Yayanki ma da ya karanta min nasa barci na yi."

Ta buɗe kwamfutar a kan gwiwarta. Lambobin huɗu na nan inda Farfesa ya ɗiga musu alƙalami a takarda. Ta ɗauki waya ta rubuta masa cewa ɓerayen arba'in ne, kuma arba'in za su zauna, sannan akwai babi guda da take roƙon ya karanta kafin jibi. Ta san kwamiti na iya mayar da ita baya duk da haka. Ta aika kafin zuciyarta ta sake shawara.

Sallama aka yi daga ƙofa. Wata matashiyar mata ce ta shigo da yarinya a kafaɗa, ta yi laushi, leɓenta a bushe. Kaka ta taɓa maɗigar yarinyar, ta ɗan ja fatar cikinta ta saki, ta ce a fara ba ta na kwalbar kaɗan-kaɗan yanzu, idan ta ƙi sha ko ba ta farfaɗo ba zuwa la'asar a wuce asibiti. Sannan ta tura wa jikarta farantin ganye da cokalin.

"Hannuna rawa yake. Auna mata na gida."

Uwar Ɓeraye ta ƙulla gishiri daban, sukari daban, ta nuna wa matar girman kwalbar. Matar na kallon farar rigar ɗakin gwaji da Uwar Ɓeraye ta manta ba ta cire ba.

"Ke ce likitar da ake cewa tana bincike a kan ganyen nan? Don Allah, yana aiki kuwa?"

Kaka ta sunkuyar da kai tana tsince ganye, kamar ba da ita ake ba. Uwar Ɓeraye ta ɗebi cike da hannu ta zuba a ledar matar, ta ƙulle bakin.

"Kar ki ƙara gishirin, kar ki rage," ta ce. "Kuma kar ki sauke tukunyar har sai ya yi ja."