Rigar Sanyin Kamilu

Duk Nasarawa ta Birnin Kebbi babu wanda zai gaya wa Hajaratu yadda ake zaɓen gwanjo. Shekara da shekaru tana fasa dila, tun ana shigo da kayan daga Kwatano ta hanyar Kamba a bayan akori-kura. Hannu kawai za ta cusa cikin tulin tufafi ta fito da na kai, ku kuwa kuna nan kuna jujjuya tsumma. To da autanta Kamilu ya samu gurbin karatun noman ban-ruwa a Faransa, ai abin nema ya samu. Ta ce ko kowa zai ji sanyi a ƙasar Turawa, ban da ɗan mai gwanjo.

Ta kuwa samo riga, baƙa, mai nauyi, cikinta da gashi-gashi, zif ɗinta ko tsatsa babu. A ƙirji akwai tambari: kan wata dabba mai kama da kare, ta ciji makulli, da ɗan rubutun Faransanci a ƙasa. Matasan layinsu suka taru suka duba. Ka san mutanenmu, duk tambarin da suka gani jikin gwanjo na ƙungiyar ƙwallo ne. Wani ma har ya rantse ya taɓa kallon wasansu. Hajaratu ta ji daɗi ƙwarai, ta ce shi ke nan, yaro zai sauka da rigar 'yan gari, ya saje da su, ba wanda zai yi masa kallon baƙo. Ta sa shi ya yi mata alkawari da ita zai sauka daga jirgi. Kamilu ba ya musu da uwarsa, ya ce to.

Washegarin tashinsa daga Abuja, ta shiga mota da hantsi ta nufi Argungu don ta kai wa yayanta labari. Malam Kalilu shi ne babba a ɗakinsu, tsohon malamin Faransanci ne, ya yi ritaya yana kiwon zabi a bayan gida. Shi kaɗai ne a danginsu ya taɓa taka Faransa, tun Hajaratu tana yarinya, kuma bai cika son zancen ba.

Ta same shi a zaure kan tabarma. Ko gaisuwa ba ta bari ta yi tsawo ba, ta ciro waya tana washe baki.

"Yaya, dubi ɗanka ranar da munka raka shi tasha. Ka ga Bature!"

Malam ya gyara tabarau, ya karɓi wayar yana murmushi. Sai murmushin ya ɗauke. Ya ja hoton da yatsa ya ƙara masa girma, ya kawo shi daf da ido.

"Hajaratu, ina kika samo rigar ga?"

"Cikin dila mana. Mi ne ne?"

"Da ita ya tahi?"

"Da ita zai sauka ma. Ni na ce ya sa. Ta 'yan ƙwallo ce, Yaya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam. "Wane ƙwallo? Kira shi. Kira shi yanzu ki ce ya tuɓe ta."

Hajaratu ta karɓe wayar. Ta danna lambar Kamilu. Wata mata ta ce mata layin a kashe yake. Ta sake, matar ta sake. Malam ya ce ai dole, layin Najeriya ba zai yi aiki can ba sai yaron ya samu wata hanya. Lissafinsa ya nuna jirgin ya riga ya sauka tun da safe. Wato a daidai wannan lokaci Kamilu yana yawo cikin mutanen Faransa da abin nan a ƙirjinsa.

"Don Allah Yaya ka hid da ni duhu," ta ce. "Mi ke jikin rigar?"

Malam ya gyara zama a tabarma, ya ba ta labari. Ya ce wannan ba kare ba ne, kyarkeci ne, kuma tambarin wata ƙungiyar siyasa ce da aka kafa lokacin da yake koyon aikin malanta a wani gari na kudancin ƙasar. Sunanta in an juya shi da Hausa, Masu Tsaron Ƙofa. Wasu 'yan jami'a ne da tsofaffin sojoji suka ɓalle daga wata jam'iyya, wai ta yi musu sanyi. Aƙidarsu ɗaya ce tak: ƙasar ta fararen fata ce, baƙar fata da Larabawa da duk mai kallon gabas ya tattara ya koma inda ya fito. Sun fara da manna takardu a bango. Daga nan sai maci cikin baƙaƙen riguna irin wannan. Daga maci sai tare mutane a lungu.

Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa. Hajaratu ta san hannun tun tana ƙarama. A gida an ce ƙofar jirgin ƙasa ce ta datse shi.

"Ba ƙofar jirgi ba ce," in ji Malam. "Su huɗu sunka tare ni ina dawowa daga sayen burodi. Na hwaɗa wa Innarmu ƙofa ce don kada ta hana ni komawa in ƙare karatu."

Hajaratu ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Suna nan har yanzu?"

Ya ce a'a, ba su yi tsawon rai ba. Ko shekara biyu ba su cika ba. Rigimar shugabanci ta fara cinye su, kowa yana son shi ne gaba, sannan wasunsu suka cinna wa wani masaukin leburori baƙi wuta, gwamnati ta rushe ƙungiyar, ta kama na kamawa, sauran suka watse. Amma tambari ba ya mutuwa da wuri. In ɗan sanda ya gane shi a filin jirgi, yana iya tsare yaro ya yi ta tambaya, har a ce ya juya. In kuma ya faɗa hannun 'ya'yan waɗanda aka ƙona wa masauki, wa zai tsaya ya ji bayanin dilar Kwatano? Ga kuma masu irin wannan ra'ayi na yanzu, su ga baƙin yaro sanye da rigar kakanninsu, su ce izgili ne.

Kai, ranar nan Hajaratu ta ga tashin hankali. Ita da bakinta ba ya hutawa, sai ga ta shiru kamar an ɗauke wuta. Matar Malam, Rukayya, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, ko kallonsa ba ta yi ba. Abin da ke cin ta shi ne da hannunta ta zaɓo rigar, da bakinta ta ce kada ya cire. Yaron da ya sha rana a fadamar Zauro yana auna ruwan shinkafa har Allah ya ɗaga shi, a ce uwarsa ce za ta jawo masa a kan rigar gwanjo! Ta tashi ta zauna, ta leƙa waje ta dawo. Duk wayar da ta yi ƙara a unguwar sai ta zabura.

Malam ma dauriya kawai yake yi. Ya lalubo lambar makarantar ya kira, wata na'ura ta yi ta yi masa Faransanci da kiɗa har kuɗin wayarsa suka ƙare. Ya yi tsaki, ya fita ya watsa wa zabi dawa alhali ba lokacin cinsu ba ne. Aka yi azahar, shiru. Hajaratu ta daɗe a kan sallaya fiye da yadda ta saba, tana ta faɗa wa Allah abin da ya riga ya sani.

Ana idar da la'asar wayarta ta ɗauki ƙara, kiran bidiyo, baƙuwar lamba. Ta kasa dannawa, sai Rukayya ce ta danna mata. Sai ga fuskar Kamilu cike da allo, yana dariya, hancinsa na sheƙi, baƙar rigar nan a jikinsa har wuya, kyarkeci na nan daram a ƙirji.

"Inna! Na iso lahiya lau. Yanzu aka sa mini intanet a ɗaki."

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!" Hawaye suka ɓalle mata. "Auta, ba wanda ya taɓa ka? Ba a tsare ka ba?"

"Wa zai taɓa ni, Inna? Mi ya hwaru?"

Malam ya karɓe wayar. Ya tambaye shi dalla-dalla, kamar mai yi wa ɗalibi jarrabawa. A filin jirgi fa? Kamilu ya ce wadda ta buga masa hatimi a fasfo baƙar mace ce, cikin kakin 'yan sandansu, ta dubi fuskarsa ta dubi hoto ta ce masa barka da zuwa. A jirgin ƙasa fa? Ya ce ya zauna tsakanin wani tsohon Bature da wata Balarabiya mai goyo, tsohon ma shi ya taya shi ɗora akwati. Mai kula da masaukin ɗalibai fa, ba ta ce komai a kan rigar ba? Ta ce, in ji Kamilu. Ta shafa hannun rigar ta ce irin ɗinkin da ne mai ƙarko, yanzu ba a yin irinsa.

"Tambarin hwa? Ba wanda ya dube shi?"

"Wallahi Kawu ko mutum guda."

Malam Kalilu ya sunkuyar da kai. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Hajaratu ta ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, irin wadda ba ta taɓa jin ya yi ba, har tabarau ya zame masa, hawaye na bin gemu.

"Kun ji hwa!" ya ce yana share ido. "Mutanen da sunka ce su za su riƙe makullin ƙasa har abada. Ni ina nan Argungu ina mafarkinsu har na yi furfura, can ko garinsu an manta da su. Rigarsu ma sai a Nasarawa ta samu mai so!"

Rukayya ta sa dariya, Hajaratu ma ta bi, tana yi tana jan majina. Kamilu dai yana can yana zare ido, sai da kawun ya taƙaita masa labarin. Dariyarsa ta gudu. Ya zuge zif zai tuɓe rigar gaba ɗaya.

"A'a, tsaya," in ji Malam. "Riga ba ta yi laihi ba. Kana da reza?"

Babu reza, sai da ɗan abin yanke farce Kamilu ya yi aikin, suna kallo. Ya jingina wayar a tebur, ya bi zaren ɗinkin ɗaya bayan ɗaya har tambarin ya faɗo a tafin hannunsa, ɗan ƙyalle da bai kai murfin kwalba biyu ba. Ya ɗaga shi ya ce ko ya adana wa Kawu, tunda tarihi ne.

"Akwai kwandon shara a ɗakin?"

"Akwai."

"To sa shi ciki."

Suka ji ƙarar murfin kwandon. Hajaratu ta fizge wayar daga hannun yayanta, ta ƙura wa ɗanta ido, ta duba shi sama da ƙasa, ta tabbatar ba abin da ya ragu a jikinsa. Sannan ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, muryarta ta gwanjo ta dawo.

"To ja zif ɗin ga har wuya, kana tsaye ƙirji buɗe kamar ɗan su a bakin gulbi. Kuma ka ci abinci?"

"Ban ci ba tukuna, Inna."

"Ni ma haka," ta ce. "Rukayya, ina tuwon nan?"