Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

"Saki hannun, Mama, ni zan danna," in ji Marisol, yarinyar da ke ɗaukar zanen yatsu a bayan shagon aika kaya. Ta kama babban yatsan Darlene ta mirgina shi a kan gilashi. Na'urar ta yi ƙara, fitila ta nuna ja. Suka gwada manuni, suka gwada na tsakiya. Abin da ke fitowa a allon kamar an shafa toka da tsumma.

"Ikon Allah! Mama, banki za ki fasa kika goge yatsunki haka?"

"Da fashi nake, a wannan akwalar motar za ki gan ni?"

Tun gashinsu yana baƙi Wendell, mijin Darlene, yake alƙalancin ƙwallon yara a filin bayan coci. Ita kuma kowace Asabar tana kan benci a bakin layi da kular yankakken lemo, tana jiran hutun rabin lokaci. Wendell ya rasu da ƙanƙara ta fara narkewa. Bana ƙungiya ta kafa doka: duk wanda zai shiga cikin wayar da ta kewaye filin, alƙali ne, koci ne, ko mai yanka lemo, sai an binciki tarihinsa ta zanen yatsu an ba shi katin rataye a wuya. Darlene ba ta ga laifin dokar ba. Ta san abin da ya jawo ta. Kowa a garin ya sani, ba a dai faɗa ne.

Marisol ta juya tafin hannun. Ja ne, sumul kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.

"Me kike wankewa haka?"

"Gida."

"Ku nawa ne a gidan?"

Darlene ta mayar da idonta kan allon. Yarinyar ta sassauta murya.

"To ji nan. Ba sinadarin wanki na bilic, ba soson ƙarfe, ba ruwan zafi. Mai za ki riƙa shafawa safe da yamma, ki bar hannun ya huta. Bayan sati biyu ki dawo, wani lokaci zanen yana farfaɗowa."

"In bai farfaɗo ba fa?"

"Sai a yi binciken ta suna. Wannan kuwa har a rufe wasannin bana ba a gama ba."

Daga nan Darlene ta wuce fili, don ta riga ta yanka lemon tun safe. A bakin ƙofar waya ta tarar da Curtis, shugaban ƙungiya, wanda Wendell ya koya wa busa usur. Ya dubi wuyanta, ya kau da kai.

"Anti Darlene, ina katin?"

"Yatsuna sun ƙi."

Ya sosa ƙeya. Bai matsa daga ƙofar ba.

"Curtis, a filin nan na share maka majina. Kai ne ka yi fitsari a wando a raga, ni na rufa maka asiri da tawul."

"Anti, don Allah rage murya," ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wallahi na sani. Amma in na buɗe miki don an san ki, gobe wani zai zo ya ce shi ma an san shi. Wancan mutumin da ya jawo dokar ma ai kowa ya san shi."

Sai ta ɗaga kular ta miƙa masa.

"Kada a ba su tun ba a busa hutu ba. Ciki zai murɗa musu."

Ta koma bayan waya, inda kakanni ke zaune a kujerun naɗewa, kowa da jikan da ya zo kallo. Ita ba ta da kowa a filin, filin ne nata. An jibge jakunkuna a gurbinta na benci. Sabon alƙalin yana busa usur a gajarce, kamar mai jin kunya. Da aka je hutu wata uwa mai kati a wuya ta buɗe kular, 'yan matan da ke wasan suka yi caa a kai, kowace ta cusa ɓawo a baki tana yi wa 'yar'uwarta murmushin lemo. Ba wadda ta tambayi wa ya yanka.

Tana shiga gida ta ga har ta tara ruwan zafi a bokiti, kwalbar bilic na hannunta, ba ta ma san lokacin da ta ɗauko ba. Haka take cinye yini tun rasuwar Wendell: ta goge ƙasa, ta goge bango, ta wanke kofinsa da ba mai sha da shi. Muddin soso yana ƙara, ba ta jin shirun gidan.

Ta daɗe a tsaye, tururi yana dukan fuskarta. Sannan ta mayar da murfin kwalbar ta tura ta can ƙarƙashin famfo. Ta ɗauko man da Wendell yake shafa wa kaushin ƙafarsa, ta lakato, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a kujerar kicin, ta buɗe tafukan a kan cinya.

Shirun ya zo ya zauna a kujerar da ke fuskantarta. A kan tebur akwai ɗigon ruwan lemo da ya bushe tun safe. Darlene ta zuba masa ido, ta bar shi a wurin.