Katuna Huɗu na Abdulƙarim

A shekarun da kuɗin man fetur ya cika ƙasa, aka kawo wa wani ofishin aikin gona da ke Faskari kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu, domin ta fitar da sunayen manoman da za a raba wa takin zamani. Tun kafin mulkin kai da hannu ake rubuta sunayen nan, ba a taɓa makara ba. A wannan shekara aka mayar da su katuna masu huda da kwamfutar ke karantawa, aka sallami marubutan. Hadari ya fara haɗowa, hanyar Sabuwa kuwa, inda za a kai takin, ba ta biyuwa da babbar mota idan ruwa ya zauna, sai injin kwamfutar ya ƙi tashi.

Abdulƙarim mutumin Ketare shi ne ƙaramin injiniya. Kwana tara ya yi yana bin umarnin farko da injin yake karantawa idan an kunna shi, har ya gano ciwon. Ƙwaƙwalen biyu tare suke farkawa, kowace ta ɗauka ita ce gaba, su yi rubutu wuri guda, su ɓata wa juna, komai ya tsaya cak. Maganin kati huɗu ne kawai: ta biyu ta dakata har ta farko ta gama shiri ta ba ta alama.

Sai dai Malam Barau, shugaban ofishin, shi ya rubuta wancan umarni, shi kuma ya koya wa Abdulƙarim aikin.

Safara'u mai huda katuna ta ajiye masa su a tebur, ta ce, "Ga su nan. Saka su mana, ko jira kake injin ya gaishe ka?"

"Ba na gyara rubutun Malam a bayan idonsa."

"To, gyara a gabansa."

"Wannan ai ya fi muni."

Ya bi hanyar da ya ga manya suna bi, ya nemi Alhaji Gide, aminin Malam, domin ya kai wa Malam maganar. Alhaji yana Ƙanƙara wajen ta'aziyya, sai da ya kwana biyar. Da ya dawo ya yi ta zagaye, don shi kansa bai fahimci saƙon ba.

Malam Barau ya kira Abdulƙarim, ya ce, "Na ji kana da shawara. Umarnin nan a gaban Turawa na rubuta shi, injin kuma ya tashi. Matsalar wutar janareta ce. Rubuta wa masu injin takarda zuwa Ikko."

Abdulƙarim ya duƙa, katunan suna aljihunsa. Ya ce, "To, Malam."

Yana cikin rubuta takardar ruwa ya sauko, ya wuni yana zuba. Da la'asar direbobin da za su kai takin suka shigo suka rataye makullan motoci, ɗayansu ya ce Sabuwa sai kaka.