Ranar da Huseina Ta Tare Hanya

Huseina mai man gyaɗa tana cikin motar kasuwa, daga Zinyau za su Rano, sai wayoyin fasinja suka hau ƙara kusan lokaci guda. Ta zaro tata daga lalita. Saƙo ne daga hukumar agajin gaggawa: an sheƙa ruwa a kan tudu, kada kowa ya ƙetare rafi.

"Jabiru, ka ji abin da suka ce?" ta tambayi direban.

Ya leƙa sama ya yi dariya. "Haba Inna, ko girgije babu. Haka suka aiko kwanaki, muka yini a gida, ko yayyafi ba a yi ba."

Huseina ta dubi matan da ke kusa da ita, biyu da goyo, ɗaya da tsohon ciki. Da motar ta rage gudu a gangaren rafi, sai ta ce a sauke ta. Tana sauka ta zagaya gaban motar, ta gyara zani, ta zauna daram a tsakiyar hanya.

Jabiru ya danna ham har ya gaji. Alhaji Dalhatu, dillalin hatsi da ke gidan gaba, ya fito rai a ɓace.

"Ke baiwar Allah, saboda saƙon waya za ki hana mutane kasuwa?"

"Alhaji, ban riƙe ka ba. Ga rafi nan, naɗe wandonka ka ƙetare. Amma motar nan da matan nan, sai dai ta bi ta kaina."

"Idan ruwan bai zo ba fa?"

"Sai ku zage ni har gida. Na yarda."

Rana ta dake ta, gumi ya jiƙa mayafinta. Wasu suka ce taɓin hankali ne. Ita kanta ta soma shakka, don yashin rafin a bushe yake ƙayau, amma ko motsi ba ta yi ba.

Can sai aka ji rugugi daga yamma. Jan ruwa ya kwararo, yana janye da karan masara da wani kututture, ya shafe mashigin gaba ɗaya. Mai cikin ta fashe da salati. Alhaji ya koma mota.

Huseina ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta kira ƙanenta da ke kiwo a can ƙasan rafin a waya.

"Munzali, kora shanun nan tudu. Yanzu, ba anjima ba."