Ranar da Baba Mamuda Ya Kira Magariba

Dabino na bakina Safiyanu, maigidana, ya faɗo gida yana cewa, "Tofar! Ke ba ki ga rana ba?"

Na ɗaga kai, ga rana a saman rumbu, ko ja ba ta yi ba. Ni kuwa na riga na haɗiye. Rabin unguwarmu a Paki haka muka sha ruwa da la'asar sakaliya, don Baba Mamuda, maƙwabcinmu, ya lallaɓa masallaci ya kunna lasifika ya kira magariba.

Tun kafin a kawo ni gidan nan shi ne ladani, sai da gigin tsufa ya kama shi aka sa wani. 'Ya'yansa ma ba ya gane su, amma kiran salla ko harafi bai ɓace masa ba. Lokacin ne kawai ya kuɓuce masa.

Ga zafi, ga ramuwar azumi ta hau kaina, ni kuma bakina ba linzami. Na leƙa ta katanga na ce wa Suwaiba, matar ɗansa, "Ku tsare tsohonku mana, ya ishe mu." Ashe yana zaune a gindin katangar kan buzunsa. Maza suka sa wa masallaci kwaɗo, Safiyanu ya je ya tsuguna gabansa.

"Baba, don Allah kar a ƙara jin muryarka."

"To," in ji shi.

Ba mu ƙara ji ba kuwa. Bayan ƙaramar salla ciwo ya kwantar da shi, na dama kunu na shiga da hantsi. Suwaiba ta ce, "Komai aka faɗa masa mantawa yake, ko ya ci abinci bai sani ba. Wannan maganar ce kaɗai ta zauna."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

Bai gane ni ba. "Yarinya, lokaci ya yi?"

"Ya yi, Baba. Ka kira."

"A'a. An ce in yi shiru. Na ɓata wa mutane."

"Mu muka ɓata maka, Baba. Kira abinka."

Ya girgiza kai. Washegari Allah ya karɓi abinsa, don haka ganina na ƙarshe da shi ke nan: kafin in fito Suwaiba ta juya shi gabas, ya kai yatsunsa kunne da ƙyar, leɓɓansa na motsi, ba sauti.