Takardar da Inno Ta Adana

Ranar da ɓarayi suka kore wa Garba shanu goma sha ɗaya a dajin Gidan Sori, bai yi kuka ba. Abin da ya kusa sa shi kuka waya ce.

Makiyayan yankin sun daina faɗar sirri a kira, don ɓarayi na da kunnuwa ko'ina. Sun koma wata manhaja da ke kulle saƙo, ba ta da mai ita, ba ta da buro, wato ofishin da za a kai ƙara. Da hantsi ƙanensa Shu'aibu ya kira: "Na ga sawunsu. Na tura ma wurin a manhaja. Ka kai ma jandarma yau, gobe sun ƙetare iyaka." Daga nan ya bi sawun cikin daji, inda babu rezo, kira ba ya shiga.

Garba ya buɗe, manhaja ta ce sai an sabunta ta. Ya danna. Da ta gama kwalliyarta, sai ta dube shi kamar baƙo, wai ya kawo kalmomin sirri goma sha biyu. Shekara biyu tana aljihunsa, yau ne ba ta san shi ba!

Ya hau babur sai Gidan Rumji, wurin Hamisu mai gyaran waya.

"Kira masu abin," in ji Garba.

"Wa zan kira? Ai daɗinta ke nan, babu mai iya buɗe ta sai kai."

"To ga ni."

"Kai ba kai ba ne sai da kalmomin. Ina takardar da ka rubuta su?"

Wannan rainin hankali ya isa. Mutum na tsaye da ransa, da hannuwan da suka yi kiwon shanun, a ce takarda ta fi shi zama shi. Waɗanda suka ƙera abin ba su taɓa kwana a ruga ba.

Ya koma gida zuciya na tafasa, ya zazzage jakarsa. Babu takarda. Mahaifiyarsa Inno na zaune tana kallo.

"Mi kake biɗa?"

"Wata 'yar takarda da na rubuta da ajami."

"Addu'ar nan? Ina za a bar rubutu mai tsarki cikin tarkace? Na sa an ɗinke ta laya." Ta gyara zama, tana jin ta kyauta. "Tun damina tana wuyan jar saniyar da ke jan garke."

Jar saniyar ce ɓarayi suka sa a gaba.