Mai Ɗauko Waƙa

Shekara biyu ke nan Idrisa mai sayar da katako bai buɗe baki ya yi waƙa a majami'a ba. A da shi ke ɗauko waƙa, tun ana sujada a rumfar kwano kusa da kasuwar Katako. In ya ja, maza su bi shi har kwanon ya yi rawa. Yanzu an kawo piyano da mikro mai ƙara murya. Mata na rerawa, maza na kallon takalmansu.

Ya ɗora laifin kan Nassirou, mijin 'yarsa Anisa, mai kaɗa piyanon.

"Ka rataye waƙa can sama. Wane namiji zai kai?"

"Baba, ai da ka faɗa tuntuni. Maɓalli ɗaya ne. Lahadin nan zan sauko da ita, kai ka ɗauko."

Idrisa ya ce to. Tun daga ranar ya rasa sukuni. Abin da bai gaya wa kowa ba, tsoro yake muryar ta riga ta tafi. Muddin piyano na sama, yana da hujjar yin shiru.

A kasuwa ya auna katako ba daidai ba har sau biyu. Ya laɓe bayan rumfa zai gwada muryar, sai ga mai saye. A gida ya sha zuma, ya tauna citta, ya zauna, ya tashi.

"Baban Anisa, kujerar ƙaya gare ta?" in ji matarsa Haoua.

"Zafi nake ji."

"A maƙogwaro?"

Ya ƙara tauna citta.

Ranar Lahadi Nassirou ya kaɗa, sautin ya sauko ƙasa. Ya ɗage hannu, ya dubi surukinsa. Maza duka suka juyo.

Idrisa ya miƙe, ya kama bayan kujerar gabansa, ya ja. Muryar ta fito a shaƙe, ta tsage a kalma ta huɗu. Har zai zauna, sai Abdoulkarim tela, wanda bai taɓa iya waƙa ba, ya karɓa daga gefensa a karkace. Wani ya bi, wani ya bi. Kafin a kai amshi ɓangaren maza ya ɗauka, ba daɗi, amma da ƙarfi. Ba mai jin Idrisa a cikinsu. Bai daina ba.

Da aka tashi Nassirou ya same shi a ƙofa.

"Baba, in mayar da ita sama?"

"Bar ta nan." Ya sa hularsa. "Ka gaya wa telan nan gaggawa yake yi."